Zaɓen Makaranta a Ƙasar Moriki

1. Moriki da maƙwabtanta

Moriki gari ne a arewacin Jihar Zamfara, cikin Ƙaramar Hukumar Zurmi. Sarkinta ana kiransa Sarkin Burmin Moriki. Wanda ya taso daga Gusau za shi Shinkafi, sai ya bi ta Ƙaura Namoda, sa'an nan ya iso Moriki, kana ya wuce. Yawancin mutanen wannan ƙasa manoma ne da makiyaya. Da damina su kan noma gero da dawa da wake da gyaɗa, da rani kuwa masu fadama su shiga lambu. Akwai kuma 'yan kasuwa da maƙera da mahauta da malamai.

Ƙaura Namoda ta sami sunanta ne daga Namoda, ɗaya daga cikin jarumawan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A 1929 hanyar jirgin ƙasa ta iso ta daga Zariya, garin ya zama babban wurin sayen gyaɗa da auduga. Dā ƙasar nan duka a ƙarƙashin Sakkwato take. Ran 1 ga Oktoba 1996 aka yanke Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato, aka sa Gusau ta zama babban birninta.

Kowace shekara in damina ta kusa ƙarewa, watau wajen watan Satumba, makarantun boko su kan buɗe sabuwar shekarar karatu. A lokacin nan ne magidanta ke zama su yi shawara a kan 'ya'yansu. Wannan ya isa shiga makaranta, wace za a kai shi? Wancan ya gama aji shida, ina zai nufa? Shawarar nan ba ƙarama ba ce, gama abin da aka yanke wa yaro yana ɗan shekara shida shi zai bi shi har ya yi furfura. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

2. Makarantar allo

Makarantar da ta girmi duka a ƙasar Hausa ita ce makarantar allo. Tun kafin zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru ake yinta. Kayan aikinta kaɗan ne: allo, da tawada, da alƙalamin kara. Yaro ya kan fara da biya gajerun surori da ka. Sa'an nan ya shiga babbaƙu, watau sanin haruffa ba wasali. Daga nan sai farfaru, watau haruffa da wasulansu. In ya iya haɗa baƙi sai ya soma rubuta allonsa da kansa, ya biya, ya wanke, ya sāke rubuta na gaba, har ya kai ƙarshen izu sittin. Ran da ya sauke a kan yi walima, 'yan'uwa da maƙwabta su taru su yi masa addu'a.

A kan huta ran Alhamis da Jumma'a. Ran Laraba kuwa iyaye su kan aika wa malam ɗan abin da ya sawwaƙa, shi ne ake kira kuɗin Laraba. Wanda ya sauke yana son ƙarin sani, sai ya tafi makarantar ilmi a zauren wani babban malami, ya karanta littattafan fiƙihu kamar su Ahalari da Ishmawi da Risala.

Ƙasar Zamfara ta daɗe da sanin darajar wannan karatu. Shehu Usmanu da kansa ya yi wajen shekara biyar a Zamfara yana wa'azi da karantarwa tun kafin jihadi.

Sai dai akwai abu guda da ya kamata iyaye su lura da shi. Waɗansu su kan ba malam yaro ƙarami ya tafi da shi gari mai nisa, ba guzuri, ba sutura, har yaron ya koma yawon bara da ƙoƙo a hannu. Yaron da ya wuni neman abin da zai ci, da wuya ya sami zarafin biya allonsa. Ciyad da ɗa wajibi ne a kan mahaifinsa. Saboda haka in akwai malami a unguwa, ya fi kyau yaro ya yi karatunsa a gaban iyayensa, ya ci tuwon gidansu, ya kwana a ɗakinsu. Hukuma ma ta sa hannu cikin wannan al'amari. A 2012 aka buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato, inda aka haɗa karatun Alƙur'ani da na boko. A 2023 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa hukuma ta musamman domin ilmin almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta.

3. Makarantar Islamiyya

Makarantar Islamiyya ta ɗebi wani abu daga makarantar allo, ta ɗebi wani daga ta boko. Abin da ake koyarwa na addini ne: Alƙur'ani da tajwidi, da hadisi, da fiƙihu, da tauhidi, da Larabci. Amma tsarinta irin na boko ne. Akwai aji aji, akwai babban allon bango da alli, akwai rajista da jarrabawa. Yawancinsu da yamma ake yi, ko ran Asabar da Lahadi, domin kada su ci karo da makarantar safe. Waɗansu kuma sun haɗa darussan boko cikin nasu, yaro ya sami duka biyu a wuri guda. Wanda ya bi wannan hanya har sakandare yana iya rubuta jarrabawar hukumar nazarin Larabci da addinin Musulunci, wadda ake kira NBAIS, ya wuce gaba da ita.

4. Makarantar boko

Karatun boko ya shigo Arewa bayan zuwan Turawa. A 1909 wani Bature mai suna Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. A 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina domin horad da malamai. A Zamfara kuwa an yi makarantar horad da malamai a Maru, inda Malam Aminu Kano ya yi aiki kafin ya bar koyarwa a 1950.

Da fari mutane da yawa sun guji wannan karatu, suna tsoron kada ya raba 'ya'yansu da addini. Har a kan ɓoye yara in an ji masu ɗaukar 'yan makaranta sun shigo gari. Amma sannu a hankali aka ga waɗanda suka shiga ba su bar salla ba. Alhaji Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, da allo ya fara a garinsu Rabah. Daga nan ya shiga makarantar lardi a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Katsina, ya gama a 1931, ya komo yana koyarwa a Midil ta Sakkwato. A 1938 aka kai shi Gusau aiki, a 1954 kuma ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Labarinsa ya nuna yaro yana iya riƙe allo da hannu ɗaya, littafin boko da ɗaya.

A 1976 Gwamnatin Nijeriya ta fara shirin ba kowane yaro ilmin firamare kyauta, aka gina makarantu har cikin ƙauyuka. Ran 30 ga Satumba 1999 aka ƙaddamad da sabon shiri a Sakkwato, wanda ake kira UBE, a 2004 kuma aka yi masa doka. Dokar nan ta ce kowane yaro, namiji ko mace, a ba shi karatun shekara 9 kyauta kuma dole a makarantun gwamnati: shekara 6 a firamare, shekara 3 a ƙaramar sakandare. Ta ce kuma uban da ya ƙi kai ɗansa a fara yi masa gargaɗi, in ya sāke a ci shi tara ko a ɗaure shi.

Yaran makiyaya ma ba a manta da su ba. A 1989 aka kafa hukumar ilmin makiyaya, hedkwatarta tana Kaduna, domin a kai makaranta kusa da ruga.

5. Matakan karatu

Karatun boko kamar tsani ne, ba a taka na sama sai an taka na ƙasa. Ga yadda matakan suke.

Na farko, firamare. Yaro ya kan shiga yana da shekara shida. Ya kamata a tafi da takardar haihuwarsa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, domin za a riƙa tambayarta a gaba. A nan ne zai koyi karatu da rubutu da lissafi, waɗanda su ne tushen kome.

Na biyu, ƙaramar sakandare, shekara uku. A ƙarshenta akwai jarrabawa da takardar shaida.

Na uku, babbar sakandare, ita ma shekara uku. A nan hanya ta kan rabu. Wani ya bi fannin kimiyya, wani fannin kasuwanci, wani fannin harsuna da tarihi da addini. Wani kuma ya tafi makarantar koyon sana'a, ya koyi gini, ko sassaƙa, ko aikin lantarki, ko gyaran mota. A ƙarshe a kan rubuta jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa a 1952 domin ƙasashen Afirka ta Yamma masu aiki da Ingilishi, ko ta NECO, wadda aka kafa a 1999. 'Yan makarantun sana'a su kuma suna da tasu, ta NABTEB. Mai son wucewa gaba a kan nemi ya ci darasi biyar da kyau, yawanci har da Ingilishi da Lissafi.

Na huɗu, manyan makarantu. Mai son shiga ya kan rubuta jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Yaran Moriki ba sai sun yi nisa ba. A Ƙaura Namoda akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983. A can a kan yi shekara biyu a sami ƙaramar difiloma, a fita a yi aikin gwaji shekara guda, a komo a yi shekara biyu a sami babbar difiloma. Mai son aikin koyarwa yana iya zuwa Kwalejin Ilmi ta Maru, ya yi shekara uku ya sami takardar NCE. A Gusau akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya wadda ta 'yan mata ce zalla, akwai kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013. Gaba kaɗan ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wadda aka kafa a 1975.

6. Abin da za a duba kafin a zaɓa

Gani ya kori ji. Uban kirki ba ya zaɓen makaranta da jin labari a bakin kasuwa. Ya kan tafi da ƙafarsa ran da ake karatu, ya gai da hedimasta, ya nemi izni ya zaga. Abubuwa biyar ya kamata ya duba.

Na ɗaya, malamai. Suna zuwa kullum? Suna cikin aji, ko suna gindin itace suna hira? Makaranta mai jinka da malami mai himma ta fi makaranta mai fenti da ba kowa a gaban allo.

Na biyu, ko yaran suna koyo. Gane wannan ba wuya. A sami yaro ɗan aji huɗu na makarantar, a miƙa masa ɗan rubutun Hausa ya karanta, a ba shi ɗan lissafin ciniki ya yi. In yara biyu uku sun iya, to, ana aiki a wurin.

Na uku, nisa da lafiyar hanya. Ɗan shekara shida ba zai iya tafiya mai tsawo safe da rana ba. In akwai gulbi tsakani, a tuna da damina zai kawo ruwa.

Na huɗu, ruwan sha da makewayi. 'Yan mata da yawa su kan bar makaranta in sun fara girma saboda rashin makewayi nasu na dabam.

Na biyar, kuɗi. Makarantar gwamnati ba a biyan kuɗin karatu a shekaru taran farko, amma akwai tufafin makaranta da littattafan rubutu da alƙaluma. Makarantar kuɗi kuwa kowane zangon karatu sai an biya, shekara kuma zango uku ce. To, sai uba ya auna rumbunsa tukuna. In ya sa yaro ya kasa biya, aka koro shi tsakiyar shekara, an yi hasara biyu. Tsada kuma ba ita ce shaidar kyau ba. Gwajin nan na ɗan aji huɗu shi za a yi wa kowace makaranta.

A ce wani manomi yana da 'ya'ya uku. Babban ya gama ƙaramar sakandare, kullum yana wurin mai gyaran babur yana kwance yana ɗaurawa. Ta tsakiya ta gama aji shida, ita ce ke zuwa ta ɗaya a lissafi. Ƙaramin kuwa yanzu ya cika shekara shida. Sai manomin ya tafi wurin hedimasta ya ce, "Allah ya gafarta Malam, shawara na zo nema. Ƙarfina kaɗan ne, ga yara uku." Hedimasta ya ce, "Madalla da ka zo, maigida. Babban nan hannunsa yana son ƙarfe, a nema masa makarantar sana'a. Yarinyar kada a tsai da ita, dokar ƙasa ma ta ba ta sauran shekara uku kyauta. Ƙaramin ka kawo mana shi da safe, da yamma ya tafi allo." Da haka kowane yaro ya sami abin da ya dace da shi, aljihun uban kuma bai tsage ba.

7. Zaman lafiya da makaranta

Shekarun nan ƙasar Zamfara ta sha wahalar 'yan bindiga, Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda suna cikin wuraren da abin ya taɓa. Ƙauyuka da dama sun tashi, makarantunsu suka tsaya. Ran 26 ga Fabrairu 2021, da dare, aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe, cikin ƙasar Talatar Mafara. Allah ya taimaka aka sako su ran 2 ga Maris. Bayan wannan hukuma ta rufe makarantun kwana na jihar na wani lokaci. A watan Nuwamba 2023 kuma Gwamna Dauda Lawal ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi domin a gyara makarantun jihar.

Saboda haka uban da zai kai ɗansa makarantar kwana yana da hakkin ya yi tambaya. Akwai katanga? Akwai masu gadi? Makarantar tana cikin gari ko bakin daji? In wani abu ya faru, yaya za a sanad da iyaye? Wanda hankalinsa bai kwanta ba, ya nemi makarantar jeka-ka-dawo. Wanda kuma gudun hijira ya kai shi wani gari, kada ya ce sai an koma gida yara za su ci gaba. Ya kai su makarantar da ta fi kusa da masaukinsa, ya gaya wa hedimasta ajin da suka tsaya. Yaron da ya zauna shekara biyu ba karatu ya kan manta abin da ya koya, ya kuma ji kunyar zama da ƙannensa a aji.

8. Karatun 'ya'ya mata

Waɗansu su kan ce karatun 'ya mace ba shi da amfani, tun da gidan miji za ta. Tarihin ƙasar nan bai goyi bayan wannan magana ba. Shehu Usmanu ya yi faɗa ƙwarai ga malaman da ke karantad da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, malama ce, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta shirya ƙungiyar mata da ake kira 'Yan Taru. Shugabanninsu, waɗanda ake kira jaji, su kan zo wurinta su ɗauki karatu, su koma ƙauyuka su koya wa 'yan'uwansu mata.

Yau ma bukatar tana nan. Macen da ta tafi asibiti haihuwa ta fi son ta tarad da mace 'yar'uwarta. Ungozomar asibiti da malamar makaranta ba daga sama suke faɗowa ba, 'ya'yan wani gida ne da aka bari suka yi karatu. Uwa mai ilmi kuwa ta kan iya karanta takardar magani, ta san ranar rigakafi, ta duba littafin ɗanta. A 2012 hukumar UNICEF da gwamnatocin waɗansu jihohin Arewa, har da Zamfara, suka fara wani shiri na shekara goma domin ƙara yawan 'yan mata a makaranta. Cikin aikin da aka yi akwai kafa ƙungiyoyin iyaye mata masu bi gida gida suna kiran yara.

9. Taimakon da gida zai yi

Sa yaro a makaranta rabin aiki ne. Sauran rabin yana gida, kuma ko iyayen da ba su yi boko ba suna iya yinsa.

Da fari, zuwa kullum. Mako yana da ranakun karatu biyar. Yaron da a kan tsare ran kasuwa domin talla, ko a tura shi gona, ya rasa rana ɗaya cikin biyar. In aka yi haka shekara biyar, ya rasa karatun shekara guda cif. Aikin gida yana da kyau, yana koya wa yaro amfanin kansa, amma a bar shi sai an taso, ko ran hutu.

Sa'an nan abinci da barci. Yaro ya karya kumallo kafin ya fita, ko da koko ne ko ɗumamen tuwo. Mai jin yunwa ba ya jin malam. Ya kwanta da wuri cikin gidan sauro, gama zazzaɓin cizon sauro ya kan kwantad da yara da yawa da damina da kaka. In an ga yaro yana matse ido in zai duba allo, ko sai an ɗaga murya yake ji, a kai shi asibiti, a kuma roƙi malam ya zaunad da shi a gaba. Sau da yawa wanda ake ce wa daƙiƙi idonsa ne ko kunnensa ke da ciwo.

Bayan wannan, lokacin bita. A keɓe ɗan lokaci kowane dare, ko bayan magariba ko bayan lisha, a shimfiɗa tabarma, a kunna fitila, a kashe rediyo, a ajiye waya. Uwa ta ce, "Zo ka karanta mini abin da aka koya muku yau." Ko ba ta san baƙi ba, za ta gane mai karatu da mai kame-kame. Ta buɗe littafinsa ta duba ko akwai sabon rubutu, ko malam ya sa hannu da jan alƙalami. Yayye kuma su taimaki ƙanne, gama mai koya wa wani shi ma yana ƙara riƙe nasa.

Lissafi ma yana cikin gida. A sa yaro ya ƙirga dammunan gero da aka kawo daga gona, ya auna mudu nawa ke cikin buhu, ya faɗi canjin da za a ba mai sayen ƙuli-ƙuli. Tatsuniya da kacici-kacici da karin magana da kaka ke yi da dare su ma karatu ne, su ke buɗe wa yaro baki da tunani.

Sai kuma zumunci da malamai. Uba ya riƙa leƙa makaranta ko sau ɗaya a zango, ya karɓi takardar sakamako, in bai iya karantawa ba ya sa a karanta masa. Makarantun gwamnati suna da kwamitin kula da makaranta, inda a kan sa mai unguwa ko dagaci, da malaman addini, da iyaye maza da mata, da hedimasta. Su ne ke duba rufin da iska ta yaye, da rijiyar da ta lalace, da malamin da ba ya zuwa, su kai ƙara ofishin ilmi na ƙaramar hukuma. In an kira taro ya kamata kowa ya halarta, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ƙarshe, haƙuri. Yara ba ɗaya suke ba, wani ya kan kama da sauri, wani sai an maimaita. Duka da zagi su kan sa yaro ya tsani littafi. Yabo kaɗan in ya yi ƙoƙari ya fi bulala goma aiki.

10. Abin da ke kan ɗan makaranta

Iyaye sun yi nasu, malamai sun yi nasu, saura yaro. Ɗan makarantar kirki ya kan tashi da asuba, ya yi salla, ya yi wanka, ya isa kafin a kaɗa ƙararrawa. Ya kan tsare littattafansa daga ruwa da gara da bakin akuya. In bai gane ba ya kan ɗaga hannu ya ce, "Malam, a sāke mini," gama matambayi ba ya ɓata. Ba ya satar amsa ran jarrabawa, domin takardar da aka samu da sata ba ta iya ɗaura wayar lantarki ko auna wa majinyaci magani. Ba ya raina allo don ya shiga boko, ba ya kuma raina gonar ubansa, gama da gerón gonar nan aka saya masa littafi.

Yaron da ke zaune yau a aji uku a Moriki, ko Zurmi, ko Shinkafi, nan da shekara ashirin shi ne malami, shi ne ma'aikacin asibiti, shi ne manomin da ya san awon taki. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba iyaye ikon zaɓe nagari, ya ba yara ilmi mai amfani, ya zaunad da ƙasa lafiya.

Tambayoyi

1. A wace ƙaramar hukuma Moriki take? A wace shekara aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato?
2. Mene ne bambancin babbaƙu da farfaru?
3. Shekara nawa dokar 2004 ta ce a ba kowane yaro karatu kyauta? Yaya aka raba su?
4. Faɗi abubuwa biyar da uba zai duba kafin ya zaɓi makaranta.
5. Wace ce Nana Asma'u? Mene ne aikin jaji?
6. In yaro yana fashin rana ɗaya kowane mako, karatun shekara nawa zai rasa cikin shekara goma?
7. Rubuta layi goma a kan irin taimakon da iyayen da ba su yi boko ba za su iya yi wa ɗansu.